Sabuwar Sienna ko kishiyoyinta: yadda za ka zaɓi motar iyali mai kujera bakwai ko takwas

Tun da Toyota ta sake fasalin Sienna a samfurin 2021, masu neman babbar motar iyali suka rabu gida biyu. Wasu sun ce ƙarancin shan manta ya gama magana. Wasu kuma sun ce an cire mata abin da ya sa ake sayen irin wannan mota tun farko. Kafin ka shiga wannan gardama, ka bar zancen inji tukuna, ka buɗe ƙofar gefe ka dubi layin kujeru na biyu. A nan Sienna da Honda Odyssey da Kia Carnival da Chrysler Pacifica suka fi bambanta, kuma wannan bambancin ne za ka riƙa ji a jikinka kullum.

Fara da kujerun tsakiya

Kujerun tsakiya na sabuwar Sienna ba a ƙera su don a riƙa cire su ba, akwai jakar iska ta kariya da wayoyi a jikinsu. A wasu nau'o'inta kujerar tana zamewa gaba da baya har kusan santimita 63, babba ya miƙe ƙafa yadda yake so, amma ba za ka taɓa samun shimfiɗaɗɗen fili daga but zuwa bayan direba ba. Iyakar kayan da take ɗauka kusan lita 2,860 ne. Carnival, in an cire kujerunta na tsakiya, tana wuce lita 4,000. Tazarar ba kaɗan ba ce.

Pacifica mai fetur zalla ta fi kowa dabara a nan: kujerun tsakiya suna naɗewa su shige rami a ƙarƙashin daɓen motar, ba sai ka ɗauke su ka nemi inda za ka ajiye ba. Amma sai da aka rage musu kauri kafin su iya shiga ramin, shi ya sa ba su kai na sauran laushi ba a doguwar tafiya. Pacifica mai caji kuwa, wato wadda ake jona wa lantarki kuma tana shan fetur, ba ta da wannan, don batirinta ne ya cinye ramin. Odyssey tana bari a cire kujerun, sai dai suna da nauyi, kuma layin dogon da suke tafiya a kai yana nan a daɓe bayan an cire su. Abin da ta fi shi ne kujerunta suna matsawa gefe, a buɗe hanyar shiga layi na uku ko da kujerar jariri tana ɗaure. A Carnival kuma ka kula da nau'in da ke da kujerun alfarma masu majinginar ƙafa, waɗannan ba sa cirowa.

Saboda haka ka tambayi kanka tsakani da Allah: sau nawa a shekara kake ɗaukar katifa, ko allon katako mai santimita 122 a 244? In amsar ita ce kusan ba ka yi, rashin cire kujerun Sienna ba zai dame ka ba. In motar za ta yi aikin iyali da safe ta yi dakon kaya da yamma, ka juya wajen sauran ukun.

Ranar gwaji ka je da kujerun yaran naka na ainihi, da keken jariri, da akwatin da ya fi girma a gidanka. Ka ɗaura kowace kujera a maƙalar ƙarfe da ke tsakanin mazauni da majingina, ka nemo maƙalar igiyar sama a baya, ka girgiza kujerar daga gindi. In ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, ba ta zauna ba. Ba kowane mazauni ne ke da maƙala ba, musamman a layi na uku, sai ka ƙirga da idonka. Sannan babba ya shiga can baya ya zauna minti goma, a ga ko gwiwa da kai sun samu wuri, a ga ko iskar sanyi tana isa can.

Lissafin mai

Sabuwar Sienna haibirid ce kaɗai, wato mai haɗa fetur da lantarki, babu injin V6 mai silinda shida. Injinta lita 2.5 ne mai silinda huɗu, haɗe da injinan lantarki, jimillar ƙarfin doki 245. A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka tana shan kusan lita 6.5 a kilomita 100. Odyssey da Carnival da Pacifica masu V6 suna wajen lita 10.7. Mai yin kilomita 20,000 a shekara zai ƙona lita 1,300 a Sienna, ya ƙona kusan 2,140 a V6. Ka ninka bambancin lita 840 da kuɗin lita ɗaya, ka ninka da shekarun da kake niyyar riƙe motar, sai ka gwada da ratar farashin da ke tsakaninsu. Ribar haibirid ta fi fitowa a cikin gari, inda ake yawan tsayawa da tashi, domin duk taka birki yana mayar da caji cikin batir. A babbar hanya da gudu sosai ratar tana raguwa.

Abin da ka bayar a madadin shi ne ƙarfi da natsuwar inji. Odyssey tana da doki 280, Pacifica 287, Carnival ta 2022 tana da 290. Ka cika Sienna da mutane ka hau tudu, za ka ji injin ya ɗaga murya ya tsaya a nan yayin da gudu ke ƙaruwa a hankali. Ba lalacewa ba ce, haka giyarta take aiki, ba ta da matakan canji irin na giyar da aka saba. Wasu ba su damu ba, wasu kuma ba sa iya jure ƙarar, don haka kada ka yi gwajin kai kaɗai a shimfiɗaɗɗen titi.

Carnival ta samu nau'in haibirid daga samfurin 2025, inji lita 1.6 mai turbo. Pacifica mai caji tana yin kusan kilomita 50 da lantarki zalla, amma sai in kana da wurin jona ta kowane dare, in ba haka ba za ta yi aiki ne kamar haibirid ta yau da kullum. Jan taya huɗu kuwa Sienna da Pacifica mai fetur ne ke da shi, Odyssey da Carnival tayoyin gaba kawai suke ja.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Na farko, takardar da ke manne a jikin ƙofar direba tana faɗin iyakar nauyin mutane da kaya. Mutum takwas masu kilo 70 sun kai kilo 560 tun ba a saka jaka ko ɗaya ba, kuma wuce iyaka shi ke kashe shokoba da tayoyin baya. Na biyu, ka bincika ka tabbatar akwai safaya. Wasu nau'o'in Sienna da Pacifica suna zuwa da kwalbar ruwan liƙi da ƙaramin famfo kawai, kuma wannan ba ya maganin tayar da ta yage a gefe.

In ta hannu za ka saya

Ƙofofin gefe masu lantarki su ne suka fi cin kuɗi ba zato. Ka buɗe kowace ka rufe sau uku: da maɓallin direba, da rimot, da hannun ƙofa. Ka yi haka a fili, ka sake yi motar tana fuskantar gangare. Ƙara mai kama da niƙa, ko ƙofa ta tafi rabi ta dawo, alama ce ƙananan tayoyin da take gudu a kai sun cinye ko igiyar ƙarfen ta fara zarewa. Ka leƙa cikin layin ƙofar da tocila, yashi da busasshen giris ne ke fara ɓarnar.

A Sienna, ka sa bakanike mai sikana ya karanta ƙarfin kowane sashe na babban batir, kada ka tsaya ga cewa babu fitilar gargaɗi. Batirin yana ƙarƙashin kujerun gaba, iska ce ke sanyaya shi, kuma mashigar iskar tana da filta. In ƙura da gashi suka toshe ta, batir ya riƙa zafi, ransa ya gajarta. Ka duba tankunan ruwan sanyaya guda biyu, na inji da na sashen lantarki. Baƙin manta 0W-16 ne, mai kauri ba gata ba ne a gare ta. In ka danna maɓalli ba ta nuna alamar shirin tafiya ba, yawanci ƙaramin batir mai bolt 12 ne ya yi sanyi, ba babban ba.

Odyssey tana amfani da bel wajen daidaita bawul, ba sarƙa ba. Ana canza shi wajen kilomita 160,000, tare da famfon ruwa da abin da ke ɗaure bel ɗin, domin in ya tsinke ana tafiya fistin zai daki bawul. In babu takardar shaidar an canza, ka cire kuɗin aikin daga farashi. Wasu na 2018 da 2019 suna da giya mai mataki tara, daga 2020 duka goma ne. Ka gwada mai taran a cunkoso, ka ji ko tana fizga daga giya ta ɗaya zuwa ta uku.

A Pacifica ka haska tsakiyar injin ta sama, inda gidan filtar baƙin mai yake. Na roba ne, yana tsagewa da zafi, man ya taru ya gangaro ta bayan inji, mutum ya zata giyabos ce ke yoyo. Masu caji na 2017 da 2018 kamfanin ya kira su gyara a 2022 saboda haɗarin gobara. Kowace ka zaɓa cikin huɗun, ka ɗauki lambar shasi mai harufa da lambobi 17 daga gindin gilashin gaba, ka gwada ta da wadda ke jikin ƙofa da ta takardu, sannan ka sa dila ya duba ko akwai kiran gyara da ba a yi ba kafin ka biya ko sisi.