Idan masu bin bashi suka biyo ka kan bashin da ba kai ka ci ba

Ranar wata Laraba bayan la'asar Umma ta kira ni muryarta na rawa, wai wani ya bugo mata yana ta ihu da Turanci da guntun Hausarsa, cewa ɗanta ɓarawo ne, in ba ta biya dubu 27 kafin magariba ba za su watsa hotonta kowa ya gani. Ashe ƙanina ne ya ci dubu 15 a irin manhajojin nan na bashi a waya, kuɗi ya hau, shi kuma ya kashe wayarsa ya yi luf. Ko da na isa gida har ta kunto kuɗin adashenta daga bakin zani tana neman yaron da zai kai wa mai POS. Na ce Umma dan Allah mayar da kuɗin nan, ba ni wayar. Wallahi har yau in na tuna yadda hannunta ke karkarwa raina ɓaci yake, shi ya sa nake son kowa ya san abin yi kafin ta faɗo masa.

Tambaya ɗaya za ka fara yi wa kanka, na sa hannu? Ma'ana ka taɓa tsaya wa mutumin nan, ka cike fom ɗin garanto, ka dangwala ko ka amince a rubuce cewa in bai biya ba kai za ka biya? In amsar a'a ce toh bashin nan ba naka ba ne, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ko mijinki ne, ko ɗan da kika haifa. Inda ake rikita mutane shi ne maganar nes of kin. Za su ce ai kai ya rubuta a matsayin makusancinsa. Wannan gurbin na wanda za a tuntuɓa ne kawai in wani abu ya samu mutum, ba lamuni ba ne, kuma sau da yawa ma ba a tambaye ka ba aka sa sunanka. Balle wanda kawai lambarsa aka tsinta a wayar mai bashin, shi kam ko kusa.

Amma in ka san ka tsaya masa da gaske, wannan wata magana ce daban, lamuni nauyi ne a shari'ar Musulunci da ta ƙasa, sai ka nemi takardar da ka sa wa hannu ka ga iyakar abin da ka ɗauka, a zauna a yi sulhu.

Na biyu kar ka tura ko naira ɗaya dan a rabu da kai. Na san kunya ce ke cin mutum, kuma su ma sun san haka, jarinsu kenan. Ba kotu suke so ba, so suke surukarka ta ga saƙo, limamin unguwarku ya ga saƙo, kai kuma ka ce gara in biya a rufa asiri. Ranar da ka tura dubu biyar sun gane nan ne ƙofa, gobe ma kai za a kira. Kar ka yi alkawari ma irin “bari zan ga abin da zan iya”. Kuma duk yadda suka yi kar ka ba su BVN ɗinka ko NIN ko lambar katin ATM ko lambobin nan da banki ke turowa ta tes, wani kiran ma ba daga kamfanin bashi yake ba, ɗan damfara ne ya ari bakinsu.

Abin da na rubuta musu daga wayar Umma gajere ne. Na ce wannan lambar ba ta wanda ya ci bashi ba ce, mai ita ba ta tsaya wa kowa ba, in kuna da takardar da ta sa hannu ku turo, ku faɗi cikakken sunan kamfaninku da adireshin ofis, ku goge lambarta, in kun sake kira za mu kai ƙara. Shi kenan. Ban zage su ba duk da bakina ƙaiƙayi yake, saboda zagin da ka rama shi za su ɗauka su nuna. Kuma kar ka yi saurin yin bulok ko goge saƙonni, fara ɗaukar sikirinshot na komai, lambar da ta kira, rana da lokaci, saƙon murya, hoton da suka haɗa, har waɗanda suka tura wa 'yan uwa ka ce su turo maka. Bayan ka tara sai ka toshe.

Ga inda mu muke da matsala sosai, kuma nan nake so a tsaya. A gidajenmu layi ɗaya mutum uku ke amfani da shi. Yaya ya yi wa ƙani rajistar layi da NIN ɗinsa, yaro ya buɗe akawun a waya da BVN ɗin babansa saboda shi ba shi da shi, mata ta ba ɗan kishiya waya ya saita mata ashe ya ɗauki hoton katinta, ga sunayenmu iri ɗaya, Abubakar Muhammad nawa ne a layinku kaɗai? Toh wani lokacin ba kuskure masu bin bashin suka yi ba, a takarda kai ne ka ci. Saboda haka ka bincika. Akwai kamfanonin ajiye tarihin bashi guda uku da Babban Bankin Najeriya wato CBN ya ba lasisi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar 2017 ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. In ka ga bashin da ba ka sani ba da sunanka, rubuta musu ƙorafi, rubuta wa wanda ya ba da bashin, ka je bankinka da kanka. Kar ka yi sakaci da wannan, domin tun watan Agusta 2020 akwai tsarin GSI da ya ba bankuna damar cire kuɗin bashi daga sauran akawun ɗin da ke ɗaure da BVN ɗin mai bashin, har da akawun ɗin haɗin gwiwa.

Wajen kai ƙara kuwa akwai. Hukumar kare haƙƙin masu saye wato FCCPC ita ke yi wa masu ba da bashi ta waya rajista tun 2022, shekarar da ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, kuma a shafinta akwai jerin waɗanda ta amince da su, duba ka ga ko naku na ciki. Maganar kwashe lambobin mutane kuma ta hukumar kare bayanai ce, NDPC, ƙarƙashin dokar 2023. Ba wasa ba ne, a 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa wato NITDA ta ci kamfanin bashi na Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan tura wa mutane saƙo. Google ma daga ƙarshen Mayu 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store ɗinsa shiga lambobi da hotunan waya, shi ya sa manhajar da aka turo maka ta WhatsApp aka ce ka sauke, guje ta. In banki ne ko maikurofainans, fara kai ƙorafi wajensu a rubuce, in sati biyu ya wuce shiru sai sashen kare abokan hulɗa na CBN.

Sai barazanar 'yan sanda. Dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 36 ta hana kama wani a madadin wani, kuma bashi zalla ba laifin da ake tsare mutum a kai ba ne. In an zo an ce a tafi da kai sai ɗan uwanka ya fito, kar ka yi kokawa, bi su, amma a kira lauya nan take, in babu hali akwai Legal Aid Council da ke tsaya wa marasa ƙarfi kyauta.

In wanda ya ci bashin ya rasu ne, daga dukiyar da ya bari ake biya kafin a raba gado, ba daga aljihun matarsa ko 'ya'yansa ba. Wanda ya ga zai sauke masa nauyi don Allah ya yi, lada ne babba, amma a ga hujjar bashin tukuna, kuma a biya ta akawun ɗin kamfani a karɓi risit.

Shi kuma mai bashin a nemo shi. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ba sai an tara masa jama'a ba. Ƙanina kwana biyu ya yi kafin ya dawo gida kansa a ƙasa, na zaunar da shi a zaure na ce ya kunna wayarsa a gabana, ya kira su da kansa ya ce ga ni, ni na ci, ku bar mahaifiyata. Muka rubuta yadda zai biya kaɗan kaɗan daga kuɗin ɗinkinsa, muka cire wa manhajar izinin shiga lambobi, da ya gama biya ya goge ta. Umma kuma na saita mata wayar, duk baƙuwar lamba da ta ambaci bashi ta ce ga lambar babban ɗana ku kira shi, ta kashe.