Yadda mai bin tsarin ɗanyen abinci zai riƙa cin nama jefi-jefi

Tsarin cin ɗanyen abinci ya yi fice ne a Turai a farkon ƙarni na 20, lokacin da wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, yake ciyar da majinyatansa a birnin Zurich da ɗanyun 'ya'yan itatuwa da ganyayyaki da hatsin da aka jiƙa. Masu bin tsarin a yau suna guje wa abincin da zafinsa ya wuce kimanin digiri 48 a ma'aunin Salshiyos, amma da yawa daga cikinsu ba sa tsanantawa, sai dai su sa ɗanyen ya zama shi ne mafi rinjaye a faranti. Irin waɗannan ne suke tambaya ko cin nama lokaci-lokaci yana rushe musu tsari. A ganina ba ya rushewa, hasali ma shi ne yake toshe babbar ɓarakar da ke cikinsa, muddin an dafa naman ya nuna sarai.

Ɓarakar ita ce bitamin B12, wanda jiki yake buƙata wajen ƙera jini da kiyaye jijiyoyi, kuma ba a samunsa yadda za a dogara da shi a latas ko karas ko dabino ko aya. Baligi yana buƙatar kimanin mikrogiram 2.4 a rana. Abin da yake yaudarar mutane shi ne hantar ɗan Adam tana adana wannan bitamin na tsawon shekaru, saboda haka wanda ya bar nama bara zai iya jin garau a bana, sai daga baya kasala da mantuwa da ƙarancin jini su bayyana, tare da jin kamar ana tsira masa allura a tafin hannu da ƙafa. Rashin isasshen kuzari ma matsala ce. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Giessen ta Jamus, aka wallafa a 1999, ya gano cewa kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba, waɗanda suka daɗe a kan ɗanyen abinci, al'adarsu ta ɗauke ko ta riƙa tsallake.

Mataki na farko shi ne a rarraba naman, kada a tara shi rana guda. Babbar hanyar da hanji yake tsotsar B12 ba ta ɗaukar fiye da kimanin mikrogiram 2 a zama ɗaya, don haka wanda ya yi wata guda bai taɓa nama ba, sannan ya zauna gaban mai balangu ya cinye kilo guda, bai rama abin da ya rasa ba. Yanka mai girman tafin hannu, wato giram 80 zuwa 100, sau biyu ko uku a mako, ya fi wannan amfani nesa ba kusa ba. Wannan adadin kuma yana ƙasa da iyakar da masu binciken cutar daji suke bayarwa, wato kada jan nama dafaffe ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. A sauran ranakun ƙwai dafaffe ko kifi ko nonon da aka tafasa madararsa za su cike gurbi, kuma wanda namansa bai kai haka ba ya kamata ya nemi ƙwayar B12 bisa shawarar likita.

Wajen zaɓe, hanta ce kan gaba, domin ɗan yanki kaɗan yana ɗauke da B12 da sinadarin ƙarfe masu yawan gaske. Sau ɗaya a mako ya wadatar, mai juna biyu kuwa gara ta yi taka-tsantsan da ita saboda yawan bitamin A. Naman gwangwani da tsiran Turawa da ake sarrafawa a masana'anta ba su da gurbi a nan, tun da hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa cikin abubuwan da ke haddasa cutar a 2015.

Inda nake so a fi natsuwa shi ne batun dahuwa, domin akwai masu ɗaukar cewa tun da tsarin na ɗanye ne, to naman ma a ci shi ɗanye ko da sauran jini. Wannan ganganci ne. Ɗanyen naman shanu yana iya ɗauke da 'ya'yan tsutsar cikin nan mai tsawo da ake kira tsila, kaza kan zo da ƙwayar salmonela, ga kuma ƙwayar toksofilasma mai illa ga ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dafa har tsakiyar abinci ya kai digiri 70. Wanda ba shi da ma'auni sai ya tsaga yankan da ya fi kauri ya duba: idan ruwan da ya fito ja ne ko ruwan hoda, a mayar da shi wuta. Farfesu da dambun nama sun fi tsiren da aka babbake bayansa cikinsa bai nuna ba. Ko kilishi, da wasu suke zaton rana ce kaɗai take gama shi, mahauta sai sun shafa masa labu sun sake shanyawa, sannan su ɗora shi a kan garwashi kafin ya kai ga mai saye.

Sai kuma tsaftar madafi, wadda ta fi zama dole ga mai cin ɗanye fiye da kowa. Mai yin miyar kuka idan ya yanka albasa da wuƙar da ta taɓa nama, tafasa za ta rufa masa asiri, amma kabejin da za a kwaɗa da ƙuli-ƙuli ba zai ga wuta ba. A ware wuƙa da katako na nama daban, a fara yanka ganye a rufe shi kafin a taɓa naman, a wanke hannu da sabulu, kuma a firji a sa nama a can ƙasa don kada ruwansa ya ɗiga a kan tumatir da gurji.

A ranar cin naman, a haɗa shi da kwaɗon ganye a matsa lemun tsami, domin bitamin C da shi kansa naman suna taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen da ke cikin ganyen. Shayi kuwa yana rage wannan tsotsa, don haka a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan an ci. Yara masu tasowa da masu juna biyu da masu shayarwa bai kamata a takura su da wannan tsari ba, sauran kuma su riƙa gwajin jini ko da sau ɗaya ne a shekara, su roƙi a duba musu B12 tare da yawan jinin.