Yadda Za Ka Tantance Lambar Wasan Kwamfuta Mai Rahusa Kafin Ka Biya Kuɗi

Duk wanda ya saba sayen wasanni a Steam, wato shagon intanet da ake sayar da wasannin kwamfuta, ya san cewa akwai shafuka irin su G2A, Kinguin da Eneba, inda ake samun lambar kunna wasa a farashin da bai kai na kamfanin da ya ƙera shi ba. Waɗannan shafuka kasuwa ce kawai da ke haɗa mai saye da dillalai, su karɓi la'adarsu, kuma galibin dillalan ba su da wata yarjejeniya da masu wasan. Saboda haka, kafin ka tura kuɗi, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce daga ina lambar ta fito.

Wasu lambobin an saye su ne lokacin rangwame ko cikin ƙunshin wasanni na Humble Bundle, aka adana har farashi ya koma yadda yake. Wasu kuma an kwaso su daga ƙasashen da ake sassauta wa farashi saboda raunin kuɗinsu, kamar Ajantina da Turkiyya, inda kamfanin Valve, mamallakin Steam, ya mayar da farashi zuwa dala a Nuwamba 2023, mazauna can suka kwana a ciki. Mafi muni su ne lambobin da aka saya da katin banki na sata. Ɓarawo yana sayen lambobi da yawa, ya zuba su a kasuwa da araha domin ya mayar da su tsabar kuɗi, kuma idan mai katin ya kai ƙara, banki yana janye kuɗin daga hannun kamfanin wasan, sannan ya ɗora masa tara. Kamfanin ya rasa wasa, ya rasa kuɗi, ga tara a kai.

Wannan ba zato ba ne. A 2016 kamfanin tinyBuild ya ce an sayar da lambobin wasanninsa da darajarsu ta kai dala 450,000 a G2A. A 2019 Mike Rose na kamfanin wasanni na No More Robots ya fito fili ya ce gara a sauke wasanninsu ta hanyar satar fasaha da a saye su a can, domin ko ba komai hakan ba ya jawo musu tara. A 2020 kuwa G2A da kansa ya amsa cewa lambobi 198 na wasan Factorio da aka samu ta haramtacciyar hanya ta shafinsa aka sayar da su, ya biya kamfanin Wube da ya ƙera wasan dala 39,600. Ƙananan kamfanoni masu ma'aikata kaɗan ne irin wannan asara ta fi durƙusarwa, kuma a ganina nan ne maganar haƙƙi ta fi nauyi, domin wanda ya san kaya na iya zama na sata, ya rufe ido ya saya, da wuya ya ce hannunsa a wanke yake.

Matakin farko shi ne ka bincika ko shagon yana cikin waɗanda ke karɓar lambobi kai tsaye daga masu wasan. Humble, Fanatical da Green Man Gaming suna cikinsu, kuma shafin IsThereAnyDeal yana kwatanta farashin shaguna masu izini tare da nuna mafi ƙarancin kuɗin da aka taɓa sayar da wasa. Sau da yawa za ka tarar rahusar dillali ba ta kai rangwamen da Steam ke yi a tsakiyar shekara da ƙarshenta ba, wato ɗan haƙuri kawai ake buƙata.

Idan duk da haka ka yanke shawarar saye daga dillali, ka karanta bayanin yankin da lambar ke aiki a natse, domin lambar da aka keɓe wa Turai ko Rasha tana iya ƙin kunnuwa a Kano ko Maraɗi. Kada ka yarda da shawarar amfani da VPN don ɓoye inda kake, tunda ƙa'idojin Steam sun haramta hakan kuma suna iya takura wa asusunka. Ka kuma tabbatar lamba ce ake sayar maka. Wasu dillalai asusu sukutum suke miƙawa mai ɗauke da wasan, alhali Steam bai yarda da cinikin asusu ba, kuma mai asusun na asali yana iya ƙwato abinsa ranar da ya ga dama. Sabon wasan da bai yi mako da fitowa ba amma ana tallarsa a rabin farashi, ka bar shi.

Ka biya ta hanyar da za ka iya neman a dawo maka da kuɗi, ka duba jimillar da ta bayyana a shafin ƙarshe saboda cajin da ake ƙarawa, ka cire alamar duk wani rajistar wata-wata, sannan ka ajiye rasit da hoton saƙon da aka turo lambar.

Ko lambar ta kunnu, magana ba ta ƙare ba. A Janairu 2015 Ubisoft ya soke lambobin Far Cry 4 da aka gano an saye su da katunan sata, mutane suka wayi gari wasan ya ɓace daga asusunsu, ko da yake daga baya an mayar wa waɗanda suka riga suka fara bugawa. Tsarin Steam na mayar da kuɗi cikin kwanaki 14, muddin ba a buga wasa fiye da awa 2 ba, bai shafi lambar da aka sayo daga waje ba. Idan aka soke taka, Valve ba zai biya ka ba, sai dai ka koma wurin shafin da ka saya da rasit ɗinka, kuma idan suka ƙi sauraron ka, ka kai ƙorafi bankinka tun wa'adin ƙalubalantar cinikin bai wuce ba.