Kafin ka sa hannu a takardar haya, tambayi makarantar unguwar

Duk wanda ya sauka a New York da iyali, abin da ke fara hana shi barci shi ne ɗaki. Ana neman inda haya ke da sauƙi, kusa da jirgin ƙasa, kusa da masallaci, kusa da 'yan'uwa. Haka yawancinmu muka tare a Bronx, mutanen Kumasi da Akara, da na Yamai da Damagaram da Kano. Babu laifi a wannan. Sai dai akwai abin da ba wanda ya gaya mini da na zo: ranar da na sa hannu a takardar haya, a ranar na zaɓa wa yarana makaranta ban sani ba. Yawancin makarantun firamare na gwamnati a Amurka adireshi suke bi. Layi biyu tsakanin gidanka da na maƙwabcinka na iya raba 'ya'yanku makaranta, kuma makarantun ba ɗaya suke ba.

Za ka riƙa jin ana cewa yaran baƙar fata da na talakawa suna baya a karatu. Maganar gaskiya ce, jarrabawar ƙasa ta NAEP da ake yi wa 'yan aji 4 da aji 8 ta daɗe tana nuna haka. Abin da nake so ka fahimta tun yanzu shi ne giɓin ba a kan yaron yake ba. Yana da tushe, kuma wanda ya san tushen zai iya kare ɗansa daga rabin illarsa.

Tushen farko kuɗi ne. Gwamnatin tarayya kusan kashi 1 cikin 10 kawai take bayarwa na kuɗin makarantu, sauran daga jiha yake fitowa da harajin gidaje na yankin. Garin da gidajensa ke da tsada, makarantarsa na da abin hannu. Scarsdale, garin masu hali, ba ta da nisa da Bronx a jirgi, amma duniyar karatunta daban. An kai ƙarar wannan tsari har Kotun Ƙoli daga San Antonio ta jihar Texas, a 1973 kotun ta ce bai saɓa wa tsarin mulki ba. A cikin birnin New York asusun ɗaya ne, amma ƙungiyoyin iyaye na tara nasu, kuma a unguwannin masu hali akwai waɗanda ke haura dala miliyan 1 a shekara, su ɗauko malamin kiɗa da mataimakan aji. Ga kuma abin da ake saye a gida: malamin lesin, littattafai, tafiye-tafiyen hutu, da lokacin uwa ko uba da ba ya aikin dare. Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya nuna a 2011 cewa tazarar maki tsakanin 'ya'yan masu kuɗi sosai da 'ya'yan talakawa ta ƙaru da kashi 30 zuwa 40 cikin 100 a kan yadda take shekara 25 kafin nan, har ta kusan ninka tazarar da ke tsakanin baƙi da farare.

To ina launin fata ya shigo? Ta ƙofar gida ya shigo. A shekarun 1930 hukumomin bashin gidaje sun zana taswirar birane, suka shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi, alamar kada a ba da bashi a can. Kotu ta haramta raba makarantu ta launin fata a 1954, amma dokar da ta hana wariya wajen sayar da gida ko ba da haya sai 1968 ta zo. Wanda aka hana kakansa mallakar gida, bai gaji komai ba. A binciken Babban Bankin Amurka na 2022, dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai wajen dala 285,000, ta gidan baƙar fata kuwa ba ta cika 45,000 ba. Unguwannin da haya ke da sauƙi, inda baƙo kamar ni da kai ke fara sauka, sau da yawa su ne waɗancan da aka shafa wa ja.

A nan ne zan faɗi maganar da wasu ba sa son ji. Na sha zama a majalisa bayan sallar Juma'a ana cewa, "Mu ai ba irinsu ba ne, mu muna da tarbiyya." Ana nufin baƙaƙen Amurka. Wannan magana ba ta da adalci, kuma tana cutar da mu. Ba ta da adalci domin kowace ƙofa da muka tarar a buɗe, su suka sha duka da ɗauri kafin ta buɗu. Tana cutar da mu domin tana sa mu saki jiki. Malamar da ɗanka zai tsaya gabanta ba ta san Zango ba, ba ta san Fagge ba, yaro baƙi take gani. Jason Grissom da Christopher Redding sun bi bayanan dubban yara, a 2016 suka wallafa cewa yaro baƙi da yaro fari masu maki ɗaya, baƙin ya fi wuyar shiga ajin masu hazaƙa, kuma tazarar na raguwa sosai in malamin ajinsa baƙar fata ne. A 2019, cikin yara 895 da aka bai wa gurbi a Stuyvesant, ɗaya daga manyan sakandaren birnin nan, baƙar fata 7 ne kacal. Lissafin nan ya haɗa da 'ya'yanmu.

Shekararmu ta farko aka kira ni taron iyaye da malamai. Na sa babbar riga na je, na zauna kan kujerar yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Malamar ta buɗe fayil ta ce yarinyata ba ta ba da matsala, amma da alama ba ta fahimtar abin da ake faɗa, domin ba ta ɗaga hannu, kuma in an yi mata magana ƙasa take kallo. An sa ta rukunin masu karatu a hankali. Yarinyar da ke karanta wa ƙannenta labari kullum da dare! Abin da muka koya mata da sunan kunya da ladabi, shi aka karanta a matsayin rashin ganewa. Na ce a ba ta littafi ta karanta a gabanmu. Ta karanta shafi biyu ba ta yi tuntuɓe ba. Bayan mako biyu aka canza mata rukuni. Da na yi godiya na tashi kamar yadda na saba yi a gida, da ta shekara a wurin da ba nata ba.

A gida in ka kai yaro makaranta, sai ka ce wa malam ga amana nan, ka koma harkarka, kuma yawan tambaya raini ne. A nan shirun uba ana ɗaukarsa rashin damuwa ne. Iyayen da ke da kuɗi kullum suna aika saƙo, suna tambaya, suna neman a sake duba maki, kuma 'ya'yansu ake tunawa in gurbi ya buɗe. Tambaya ba ta cin ko sisi, ita ce jarin da muke da shi daidai da kowa. A gida kuma a zaunar da yaro a gaya masa: a gaban kakanka ka sunkuyar da kai, a aji ka ɗaga hannu ka kalli malama. Yara na iya riƙe biyun.

Ranar rajista za a ba ka takardar da ke tambayar harshen da ake yi a gida. Rubuta Hausa, gaskiya ke nan, kuma kada ka daina yi wa yaro Hausa don tsoron Turancinsa. Za a gwada shi, in yana buƙatar taimakon harshe haƙƙinsa ne a ba shi, musamman yaran da suka yi karatu da Faransanci a Nijar. Amma ka nemi a nuna maka sakamakon, in kana ganin an yi kuskure ka rubuta takarda a makonnin farko ka nemi a sake dubawa. Kana da ikon neman tafinta kyauta, kada ka mai da ɗan shekara 9 tafinta a maganar da ta shafe shi. Kowace makarantar gwamnati a birnin nan tana da jami'in hulɗa da iyaye, ka san fuskarsa. Ba a kuma hana yaro makaranta saboda takardun zama, Kotun Ƙoli ta yanke wannan tun 1982.

Abinci kyauta ne ga kowane ɗalibi a birnin tun 2017, duk da haka in an turo takardar bayanin kuɗin shigar iyali ka cike. Da irinta ake lissafa tallafin tarayya da ake bai wa makarantun da talakawa suka yi yawa. Wasunmu na jefar da ita don kunya ko tsoro, makarantar 'ya'yansu ce ke asara.

Giɓin yana farawa tun kafin aji 1, don haka kada a ajiye yaro a gida sai ya shekara 5. Akwai ajin 'yan shekara 3 da na 'yan shekara 4 kyauta, ga shirin ƙananan yara na Head Start ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma tun cikin hunturu ake neman gurbin Satumba. Dogon hutun Yuli da Agusta shi ma wurin zubewa ne. Katin laburare kyauta ne, birnin na da shirin hutu mai suna Summer Rising, kuma in za a kai yara gida ganin dangi, a sa littattafai a jaka tare da tsaraba.

Wanda ɗansa ya shiga aji 6 ya fara tambaya biyu. Ta farko, shin makarantar na koyar da aljabara a aji 8, kuma yaya ake shiga ajin? Yaron da ya samu wannan yana da hanyar kaiwa babban lissafi kafin ya gama sakandare, jami'o'i kuma suna dubawa. Ta biyu ita ce SHSAT, jarrabawar shiga Stuyvesant da Bronx Science da takwarorinsu, wadda ake yi a farkon aji 8. Wasu iyalai tun aji 5 suke biyan kuɗin shiri, mu kuwa sau da yawa sai an rufe rajista muke jin labari. Birnin yana da shirin horo kyauta mai suna DREAM ga waɗanda suka cancanta. Ka je wurin mai ba ɗalibai shawara tun yaro na aji 6, ka tambaye shi ranar da ake buɗe nema, ka rubuta ta ka liƙa a jikin firij.