Ɗaurin Aure a Gindin Dutse: Yadda Ake Zaɓen Wata da Wuri a Gandun Dajin Yammacin Amurka

A Amurka akwai wata al'ada da ta ƙara ƙarfi tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta hana taruwa: ango da amarya su haƙura da ɗakin taro da ɗaruruwan baƙi, su ɗauki mutane ƙalilan su nufi kan dutse ko bakin tafki a ɗaura musu aure a can. Sunan da Turawa ke kiran abin da shi, wato elopement, asalinsa yana nufin guduwa da yarinya ba da sanin iyayenta ba, amma a yau galibi ƙaramin biki ne da iyaye suka sani kuma suka sa albarka. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga Bahaushen da ke karatu ko aiki a can, domin aure a wurinmu ba ya ɗauruwa sai da waliyyi da shaidu biyu da sadaki da siga. Saboda haka hanyoyi biyu ne a gabanku. Ko dai wakilai su ɗaura auren a gida, a Kano ko Zariya ko Damagaram, kamar yadda aka saba, sannan ku biyu ku fita daji domin cika sharaɗin hukuma da ɗaukar hotuna, ko kuma liman da waliyyi ko wakilinsa da shaidu su bi ku har wurin a yi komai a zama ɗaya. Ku fara yanke wannan shawara, domin ita ce za ta nuna yawan mutanen da za su taka hanyar da kuma shekarunsu.

Bayan wannan, shawarar da na fi nanatawa ita ce a zaɓi wata kafin a zaɓi wuri. Yawancin ma'aurata akasin haka suke yi: su ga hoto a Instagram ya burge su, su ce nan za mu, sannan su sa ranar da ta dace da hutun aikinsu, ba tare da sun tambayi a wane wata aka ɗauki hoton ba. Alhali dutse ɗaya yana da fuska huɗu a shekara, kuma fuskar da ta ja hankalinku wataƙila makonni shida kawai take yi.

Gandun dajin Yosemite da ke jihar Kalifoniya shi ne misalin da ya fi fito da wannan magana fili. Babbar mafaɗar ruwansa tana gangarowa daga tsayin mita 739, kuma ruwan nata daga narkewar ƙanƙarar duwatsun Sierra Nevada yake fitowa. A watan Mayu zuwa farkon Yuni takan cika ta batse, ana jin rugugin ruwan daga nesa, feshinsa yana jiƙa wanda ya matsa kusa. Zuwa watan Agusta, a yawancin shekaru, ruwan ya ƙafe ko ya koma ɗan siriri. Na taɓa raka wasu ma'aurata a ƙarshen Agusta waɗanda suka shirya komai domin a ɗauke su hoto ruwa yana zuba a bayansu. Da muka isa gindin dutsen, abin da muka tarar shi ne baƙin tabo a jikin farin dutse, alamar inda ruwa ya saba bi. Amaryar ta tsaya da lallenta da mayafinta tana kallon sama ba ta ce komai ba, kuma har yau ina jin nauyin rashin gaya musu tun da wuri. An yi hotunan a bakin kogin Merced, sun kuma yi kyau, amma ba abin da suka zo nema ke nan ba.

Sai dai watan ruwa ba shi ne watan tudu ba, kuma a nan ne lissafin yake ɗan rikicewa. Wuraren da ake hango kwarin Yosemite daga sama, irin su Glacier Point mai tsayin kusan mita 2,200 da Taft Point, titi ɗaya ne yake kai mota kusa da su, kuma ƙanƙara tana rufe shi tun daga wajajen Nuwamba, ba a buɗewa sai a watan Mayu, wani lokaci ma a makare. Titin Tioga da ya ratsa tsaunuka har sama da mita 3,000 ya fi shi jinkiri, domin a shekarar da ƙanƙara ta yi yawa yakan wuce Mayu a rufe. Ba wanda zai iya ba ku ranar buɗewa tun a watan Janairu, saboda sai masu kwashe ƙanƙara sun gama aikinsu ake sanarwa. Wanda yake son ya haɗa biyun, wato ruwa yana zuba kuma hanyar tudu a buɗe, to ya duba farkon Yuni zuwa tsakiyarsa, ya kuma tanadi wuri na biyu a cikin kwarin ko da titin bai buɗe ba. Aikin gyara ma yana iya rufe hanya: a shekarar 2022 titin Glacier Point bai buɗe wa motoci ba gaba ɗaya saboda sabunta shi da aka yi.

Ƙarshen lokacin zafi yana da tasa matsalar, wato gobarar daji. A 2018 gobarar Ferguson ta sa an rufe kwarin Yosemite kusan makonni uku daga ƙarshen Yuli, kuma ko a shekarun da wutar take nesa, hayaƙi yakan lulluɓe duwatsun kamar hazon hunturu a Arewa, ya shafe duk abin da aka zo kallo. Oktoba tana da natsuwa, jama'a sun ragu, iska ta yi sanyi, haske ya yi laushi, sai dai a haƙura da ruwan.

Idan zuciyarku ta fi karkata ga tsaunukan Kolorado, lissafin daban ne. A gandun Rocky Mountain titin Trail Ridge yana hawa har mita 3,713, ana buɗe shi wajajen ƙarshen Mayu a rufe a Oktoba. A Yuli da Agusta hadari yakan taso da rana tsaka da tsawa da walƙiya, kuma saman tudun da babu bishiya wuri ne mai haɗari a irin wannan lokaci, don haka a gama komai a sauko kafin azahar. A ƙarshen Satumba ganyen itatuwan aspen yakan koma ruwan zinariya na ɗan taƙaitaccen lokaci, kuma a ganina babu watan da ya kai wannan kyau a can. Abin da ake yawan mantawa shi ne ƙarancin iska. Daga mita 2,500 zuwa sama mutum yana iya fama da ciwon kai da tashin zuciya da haki, musamman wanda ya sauka daga jirgi jiya-jiya. Idan baffan amarya ne ya taso daga gida domin ya zama waliyyi, kada a kwashe shi washegari zuwa ƙololuwar dutse. A bar shi ya kwana biyu a birnin Denver ko garin Estes Park da ke gindin tsaunukan jikinsa ya saba, a yawaita masa ruwan sha, kuma idan yana da hawan jini ko ciwon zuciya a nemi shawarar likita tun kafin a sayi tikiti.

Jajayen duwatsun gandun Zion a jihar Yuta kuwa na Afrilu da Oktoba ne. A tsakiyar shekara zafi yakan wuce digiri 38, sannan daga Yuli zuwa Satumba ruwan da aka yi a nesa yana iya cika ƙananan kwazazzabai cikin mintuna. A Satumbar 2015 irin wannan ambaliya ta kashe mutum bakwai a kwazazzabon Keyhole. Kyan hoto bai kai a shiga matsattsen kwari a ranar da aka yi hasashen ruwa ba.

Da zarar wata ya tabbata, sai a auna wurin da ƙafar wanda ya fi kowa rauni a tafiyar. Hanyar Taft Point kilomita uku da rabi ce zuwa da dawowa, ga matashi ba komai ba ce, amma a ƙarshenta akwai tsage-tsage a cikin dutse da gangare mai zurfin gaske wanda mafi yawansa babu shinge. Idan ku biyu ne da mai hoto, wuri ne da faɗuwar rana take da ban sha'awa, muddin an nisanci baki kuma an tanadi fitila domin dawowa cikin duhu. Idan akwai liman mai shekaru da iyaye da yara, ku zaɓi inda mota take isa kusa, kamar Glacier Point ko bakin kogi a Cathedral Beach cikin kwarin. Tufafi ma suna cikin wannan awo. Babbar riga tana kama iska kamar tanti a bakin gangare, leshi yana maƙalewa a ƙaya, takalmin biki kuma yana santsi a kan dutse. A yi tafiyar da takalmin hawa da rigar sanyi, a riƙe kayan ado a jaka, a sauya idan an isa. Ku tuna cewa duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kimanin digiri shida, don haka safiyar Yuni a kan tudu tana iya sa amarya rawar ɗari.

Maganar rana da sa'a tana buƙatar sassauci daga abin da muka saba. Mu mutanen Juma'a da Asabar ne a ɗaurin aure, amma Yosemite tana karɓar baƙi kimanin miliyan huɗu a shekara, kuma ƙarshen mako a lokacin zafi layin motoci yakan yi tsawo tun daga ƙofar shiga. Talata ko Laraba da sassafe ta fi. Fitowar rana tana da fa'ida biyu a gare mu: an yi sallar asuba an fito da natsuwa kafin jama'a su cika wurin, sannan ƙarfe shida na safe a Kalifoniya a lokacin zafi ƙarfe biyu na rana ne a Najeriya da Nijar, lokacin da dangi suke ido biyu. Amma kada ku yi wa iyaye alkawarin kallo kai tsaye ta WhatsApp, domin sabis ɗin waya a cikin waɗannan duwatsu ba abin dogaro ba ne. Gara a ɗauki bidiyo a tura idan an sauko. A kuma duba kalandar Musulunci tun da wuri, tunda azumi da Babbar Sallah suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara.

Takardu iri biyu ake buƙata, kuma mutane suna yawan rikita su. Ta farko lasisin aure ne daga ofishin ƙaramar hukuma. A Kalifoniya yana aiki na kwana 90 kuma ba sai mutum yana zaune a jihar ba. A Kolorado kwana 35 ne, kuma dokar jihar ta yarda ma'aurata su sa hannu da kansu ba tare da jami'in ɗaurin aure ba, abin da yake sauƙaƙa wa waɗanda aka riga aka ɗaura musu a gida. Wannan sauƙi na hukuma ne kawai, bai ɗauke sharuɗɗan addini ba. Ta biyu ita ce takardar izini daga hukumar gandun dajin, wadda ake buƙata ko da mutum biyar ne. A Yosemite kuɗin neman ta ya kasance dala 150 a shekarun nan, ana iya nema tun shekara guda kafin ranar, kuma ba a karɓar buƙatar da ta zo ƙasa da makonni uku. Rukunin mutum goma ko ƙasa da haka yana da zaɓin wurare fiye da babban rukuni, wanda dole ya tsaya a wuraren da aka keɓe. Izinin ba ya nufin an killace muku wurin, sauran baƙi za su ci gaba da wucewa. An hana tashin ƙananan jirage marasa matuƙi a gandun dajin ƙasar tun 2014, don haka mai hoton da ya yi muku alkawarin hoto daga sama bai san aikinsa ba. Ku ɗauki wanda ya saba aiki a wannan gandun, ku kuma tambaye shi inda zai kai ku idan hayaƙi ko ruwa ya ɓata wurin farko.

Game da ɗan abin da za a raba bayan Fatiha, dabino da alewa da goro ba su da nauyi a jaka, amma a Yosemite akwai baƙar dabbar beyar mai ƙarfin jin ƙamshi, wadda takan fasa mota saboda abinci. Dokar wurin ta hana barin abinci a mota da dare, kuma akwai akwatunan ƙarfe masu sakata a wuraren ajiye motoci da mafarin hanyoyi domin wannan. Abin da za a ci a riƙe shi kusa da jiki, saura a kulle a akwati, har da turare da man shafawa, domin su ma suna jan dabbar. Ƙwallon dabino da ledar alewa a tattara su a fito da su, kuma kada a watsa shinkafa ko furanni a ƙasa, kada a taka ciyawar fadamun kwarin domin neman kusurwar hoto. Idan za a yi walima ta sosai, a kama ɗan gida mai kicin a garuruwan da ke kusa, irin su Mariposa ko Oakhurst, a dafa a can bayan an sauko, a kuma kama shi watanni kafin ranar idan a Yuni za a yi, domin a watan nan masauki yakan ƙare da wuri.