Kafin ka ɗora dogon kaya a plato, auna daga ƙasa

Salamu alaikum ƴan uwa masu harkar kamiyo. Wani ƙanena da ya fara jan plato bana, wato tirela mai shimfiɗaɗɗen daɓe marar bango, ya tambaye ni yadda za ya ɗauko tankin ruwa daga Yamai zuwa nan Tawa, na ce bari in rubuta kowa ya gani don na gaji da maimaita magana guda a tasha.

Abin da mutane ke mantawa shi ne tsawon kaya ba shi kaɗai ake lissafi ba, motar ma ai ba a ƙasa take kwance ba. Plato irin wanda munka saba gani, daga kwalta zuwa saman daɓensa ya kan kai metir 1,40 zuwa 1,50, ya danganta da taya da kuma yadda sipirin yake. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, mai lamba 14 ta shekarar 2005, wadda ake kafa hujja da ita wurin awon nauyi, ta ce mota da kayanta kar su wuce metir 4 a tsaye, faɗi kuma 2,55. To cire 1,50 daga 4, abin da ya rage maka metir 2,50 ne kacal. Shi ke nan gejinka.

Ɗauki misalin kwantena. Ta yau da kullum tsawonta a tsaye metir 2,59 ne, doguwar kuma da ake kira hai kib 2,90, ita ce za ka ga an manna mata fenti rawaya da baƙi a kusurwar sama. Ka ɗora doguwar nan bisa plato mai 1,50 ka kai 4,40 ba ka sani ba, kuma a ido kusan iri ɗaya suke in ba ka saba ba, shi ya sa nake cewa duba rubutun ƙofarta tukuna. Kwantena gara a ba ta shasinta na kwantena, ya fi ƙasa kuma yana da makullai a kusurwa huɗu.

In kaya ya wuce 2,50 sai ka nemi remok mai gangare, wanda bayan wuya, wato gabansa da ke hawa kan mota, daɓen ke sauka zuwa wajen metir 1 ko ƙasa da haka kaɗan, nan ka samu kusan metir 3 na kaya. In katafila ce ko wani babban inji, mai ɗaukar katafila sosai za ka nema, wanda cikinsa ke kusa da ƙasa. Amma fa shi ma da nashi ciwon kai, don yadda ya yi ƙasa ɗin nan cikinsa na iya zama bisa tudun rage gudu, kuma ku kun san garuruwan da ke kan hanya daga Doso zuwa Dogon Dutsi zuwa Ƙonni ba sa wasa da tudu. A hankali ake hawa, a ɗan karkace.

Yanzu awon kansa. Kar ka yarda da abin da mai kaya ya faɗa maka a waya, shi lissafinsa bai sa katakon da za a shimfiɗa ƙarƙashi ba, bai sa kunnen ɗagawa da ke saman tanki ba, bai sa salansar inji ba. Bayan an gama lodi an ɗaure, ka kai motar wuri mai lebur, ka auna daga ƙasa zuwa abin da ya fi komi tsawo. Ni gora busasshiya nake da ita da na yi wa zane a metir 4, aparanti ya tsayar da ita gefen mota ni kuma in ja baya in duba. Ka rubuta adadin a takarda ka manna gaban sitiyari. In katafila ce a kwantar da hannunta har ƙasa, abin da ke kwancewa a sama a kwance shi.

Ni ma sai da na sha kafin in koyi haka. Wata shekara cikin bazara na ɗauko tanki, mai shi ya rantse 2,40 ne, ban auna ba, munka zo lahiya lau har cikin gari, sai da na karya kwana cikin unguwa na ji ƙarar tsinkewa a sama, ashe murfin tankin ne ya kama wayar lantarki da zafin rana ya sa ta saki ta sauko. Rabin layi ya shiga duhu, wata tsohuwa ta fito da mafici a hannu tana cewa “ɗana, kai da wa za ka biya mana ƙanƙararmu?” Kuɗin dakon gaba ɗaya nan ya tafi. Da na auna daga baya, da murfi da katako 2,75 ne.

Kuma don Allah ku bar ɗabi'ar sa yaro ya hau saman kaya yana ɗaga waya da sanda. Wutar babban layi ba sai ka taɓa ta ba, kusanta kawai ya isa. In wuri bai wuce ba a canza hanya, ko a kira masu wuta su zo da kansu. A Yamai ma kafin ka shiga ƙarƙashin gadar sama irin ta Mali Bero ko Diori Hamani ka karanta allon tsawo in akwai, ka bar wa kanka rata, don duk sanda aka ƙara kwalta titi na ƙara tashi ne.

Dogon kaya na jan mota gefe a kwana, don haka mai nauyi shi ke ƙasa kuma a tsakiya, inji a ɗaure shi da sarƙa ta kusurwa huɗu, bayan ka ɗan yi tafiya, kamar kilometir 50, ka tsaya ka sake ɗamewa don ɗauri na saki. In duk da haka ka wuce metir 4, wannan ya zama kaya na musamman, sai ka nemi takardar izini kafin ka tashi, ba sai jandarma sun tsayar da kai a Tsarnawa, mararrabar hanyar Tawa, ba.