Darasi na 9: Idan Fitsari Ya Ƙi Fita Bayan Aikin Ƙirji

Duk wanda za a yi wa aiki a ƙirji, hankalinsa da na danginsa yana kan huhu ne ko zuciya. Ba mai tunawa da mara. Amma da an fito da mutum daga ɗakin tiyata ya farfaɗo, tambayar da nas za ta yi ta maimaita masa ita ce: "Baba, ka yi fitsari?"

Me ya haɗa ƙirji da mara?

Mafitsara jaka ce ta tsoka da ke cikin mara. Ƙoda biyu suna tace jini dare da rana, suna zubo mata fitsari. Ku dubi ledar fiya wata guda: mililita 500 ce, wato rabin lita. Mafitsarar babban mutum kusan haka take ɗauka, tsakanin mililita 400 zuwa 600. Kafin ta cika, jijiyoyi sukan kai saƙo ƙwaƙwalwa ta cikin lakar baya, sai mutum ya ji fitsari. Idan ya tsuguna, jakar ta matse, bakinta ya saki, fitsari ya fito.

Aiki yakan rikita wannan tsari. Maganin sa barci yana sanyaya jijiyoyin. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi, irin su mofin, suna sa jakar ta yi kasala, bakinta kuma ya ƙara ɗaurewa. Aikin ƙirji yana da zafi ƙwarai, domin duk numfashi sai haƙarƙari ya motsa, shi ya sa likitoci kan zura wata siririyar roba a gadon baya suna tura maganin kashe zafi ta cikinta. Ita ma tana iya rage jin cikar mara. Ga ƙarin ruwa leda bayan leda, ga mutum kwance rigingine da roba a haƙarƙari, an miƙo masa kwano an ce ya yi a kan gado. Wanda ya shekara sittin yana tsugunawa da butarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Abin ya fi samun maza masu shekaru. Ƙarƙashin mafitsarar namiji akwai wani ɗan nama mai girman ƙaramin goro, ya zagaye hanyar fitsari. Likitoci suna kiransa furostet. Yana ƙara girma yayin da mutum ke manyanta, yana matse hanyar. Mata ma fitsari yakan riƙe musu, amma bai kai na maza ba.

Daren da na kwana da kawuna

An yi wa kawuna aikin kwashe mugunya daga ƙirji. Washegari da safe aka cire masa robar fitsari. Har bayan la'asar matar ɗansa ce zaune a gefen gadon, tana yi masa fifita. Da na iso da magariba na tarar yana ta juyi, gumi ya jiƙa masa wuya.

"Kawu, wurin ɗinkin ne?"

"A'a, ɗana. Ba komai."

Sai da ta fita alwala ya jawo hannuna, ya yi ƙasa da murya: "Tun safe ban zaga ba." Na kira nas. Ta ɗora hannu a mararsa, ta ji ta yi tauri kamar ƙwarya a kife. Ta ce, "Haba Baba, ai da ka faɗa tun da rana." Aka mayar da robar fitsari, nan take jakar da ke haɗe da ita ta ɗauki abin da ya kusa leda biyu ta fiya wata. Bai fi minti goma ba barci ya kwashe shi.

Daga baya ne muka ji cewa ya fi shekara biyu yana tashi fitsari sau huɗu a dare, kuma bai gaya wa likita ba, wai ba a tambaye shi ba. Ni dai ban ga laifinsa a kan kunyar suruka ba. Laifinmu ne da muka bar dattijo wuni guda ba namiji a kusa da shi.

Mafitsarar da ta cika ta wuce kima tana kumbura, tsokarta ta yi rauni, wani lokaci sai an yi kwanaki kafin ta dawo daidai. Ita kuma robar fitsari, duk kwanan da ta ƙara a jiki tana ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta, ta kuma ja zaman asibiti da kuɗinsa.

Maganin da ake bayarwa tun kafin aiki

Saboda haka wasu likitoci sukan ba maza masu shekaru wani magani tun kafin ranar aiki, su ci gaba da sha na 'yan kwanaki bayansa. Sunansa tamsulosin. A Japan aka ƙirƙiro shi, Amurka ta amince da shi a 1997, kuma asalinsa maganin masu kumburin furostet ne. Yawanci kafso ɗaya ne na miligiram 0.4, sau ɗaya a rana, kamar rabin awa bayan cin abinci, a lokaci guda kullum. Haɗiye shi ake yi da ruwa. Ba a taunawa, ba a dakawa.

Ba ya ƙara yawan fitsari, kuma ba ya sa mafitsara ta matse. Aikinsa shi ne sassauta tsokar bakin mafitsara da ta furostet, kamar a kwance igiyar bakin buhu.

To, yana hana riƙewar fitsari ga kowa? A'a. An gwada shi a kan waɗanda aka yi wa ayyuka iri-iri, wasu gwaje-gwajen sun nuna ya rage matsalar, wasu kuma ba su ga wani bambanci ba. Shi ya sa wani likitan zai rubuta, wani ba zai rubuta ba, kuma kowannensu yana da hujja. Kada ka ji maƙwabcin gadonka yana sha ka aika yaro kemis.

Yana da nasa illolin. Babba ita ce jiri: jini yakan sauka idan mutum ya miƙe farat ɗaya, kuma faɗuwa da ɗinki a ƙirji ba wasa ba ce. A fara zama a bakin gado, a sauke ƙafafu, a ɗan jira, sannan a tashi riƙe da wani. Maganin yakan toshe hanci. Yakan kuma rage fitar maniyyi, abin da ke tayar wa magidanta hankali, amma wannan yana wucewa idan an daina sha. Sai wani abu da ba a cika sani ba: maganin yana sassauta wata tsoka a cikin ido, wadda ke wahalar da aikin cire yanar ido. Duk wanda ya taɓa shan sa, ko da ya daina, ya faɗa wa likitan ido.

Abin da za ka gaya wa likita ko bai tambaya ba

Faɗi sau nawa kake tashi fitsari da dare, ko sai ka yi yunƙuri kafin ya fito, ko yana zuwa tsirit-tsirit, ko fitsari ya taɓa riƙe maka. Zuba duk magungunanka a leda ka kai masa ya gani da idonsa: na hawan jini, na mura irin su Piriton, tiramadol, maganin tari mai kodin, har da na gargajiya. Na mura da tiramadol da kodin duk suna iya riƙe fitsari. Maganin ƙarfin maza kuwa, idan ya haɗu da tamsulosin, yana iya saukar da jini sosai. Likita ya ji abin da ya fi wannan, kada ka ɓoye.

Mai jinya kuma ya riƙe agogo. Rubuta lokacin da aka cire robar fitsari. Idan awa shida ta wuce ba fitsari, ko mara ta kumbura, ko ɗigo kawai ake gani, ko dattijo ya fara sambatu, a kira nas nan da nan. A ja labule, mata su ba da wuri, idan an yarda ya tashi a taimaka masa ya zauna ko ya tsaya.

Aikin aji

1. Karanta ka rubuta sau uku: mafitsara, ƙoda, furostet, tamsulosin.
2. An cire wa wani robar fitsari da ƙarfe 8 na safe. Da ƙarfe nawa ya kamata mai jinya ya kira nas idan bai yi fitsari ba?
3. Jakar roba ta nuna mililita 1,000. Ledar fiya wata nawa ke nan?
4. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama likita, ɗaya ya zama dattijon da za a yi wa aiki ranar Talata. Dattijon ya yi bayanin fitsarinsa da bakinsa, ba tare da likitan ya tambaya ba.